Takardar Koke Kan Tunawa da Kanal Dahiru Chiroma Bako

Zuwa ga Mai Girma Shugaban Ƙaramar Hukumar Damboa,
Ta hannun Mai Girma Hakimi.

Ranka ya daɗe,

Bayan gaisuwa da fatan alheri, mu manoma da direbobi da 'yan kasuwar Damboa muke kawo kukanmu a kan marigayi Kanal Dahiru Chiroma Bako, kwamandan Birged ta 25 da ke garin nan.

Ranar Lahadi 20 ga Satumba 2020 ya fita sintiri da dakarunsa, 'yan Boko Haram suka yi musu kwanton ɓauna a tsakanin Sabon Gari da Wajiroko. Ya samu munanan raunuka, aka garzaya da shi asibitin sojoji a Maiduguri, aka yi masa tiyata. Washegari Litinin Allah ya karɓi abinsa. A maƙabartar barikin Maimalari yake kwance.

Wanda bai zauna garin nan ba, da wuya ya gane nauyin rashin. Mu da muka ga faɗuwar Damboa a hannun 'yan ta'adda a 2014 mun san abin da ake nufi da kwamandan da ba ya tura yara gaba ya tsaya baya. Direbobinmu sun sha jera motoci tun asuba a bakin gari, an kashe inji, fasinja sun yi tsit, ana jiran rakiyar soja kafin a kama hanyar Biu. A kan wannan hanyar aka harbe shi, kuma don mu bi ta lafiya ya fita. Ba banza bakin jama'a ya raɗa masa Sarkin Yaƙi ba.

Gwamna Babagana Umara Zulum ya yi wa iyalinsa alkawarin gida da naira miliyan 20 a wurin jana'iza, Allah ya saka masa. Amma wannan haƙƙin iyali ne. Namu bashin yana nan a wuyanmu, ga yara suna tasowa ba su san ko sunansa ba.

Don haka muke roƙon majalisarka ta sa wa babban titi ɗaya ko makarantar firamare sunansa, a kafa allo mai ɗauke da sunayen sojoji da 'yan sa-kai da suka kwanta dama a yankin nan, domin ba shi kaɗai ya zubar da jini ba. A kuma ware 21 ga Satumba don addu'a a masallatai da majami'u. Kuɗin allon mun yarda mu haɗa da kanmu, izini da fili kawai muke nema.

Allah ya jiƙansa da rahama, ya ƙara wa Shugaba lafiya.

Mu ne naka,
Al'ummar garin Damboa, Jihar Borno.