Wasiƙa ga aminina kan awon aikin tiyata

Assalamu alaikum, aminina,

Bayan gaisuwa mai tarin yawa, ina fatan kana lafiya, kai da iyali. Ya sanyin can? Mu nan sai godiya.

Na ga tsokanar da ka yi mini a saƙonka, wai likita ya ajiye wuƙa ya koma akawu, kullum yana kan rajista. To, saurara. Ka tambayi likitocin tiyata biyu yadda ayyukansu suka ƙare, kowa zai ce maka lafiya lau. Alhali wani ba ya ɗaukar ɗinkin da ya yi ruwa a matsayin matsala, wani kuma da an sallami mara lafiya ya rufe fayil, ko da mutumin ya cika a gida bayan mako guda. Kowa da mudunsa yake awo, ta ina za a gane inda ake ɓaci?

Maganar ba ta yau ba ce. Ernest Codman, wani likitan tiyata a Boston ta Amurka, ya dage a bi kowane mara lafiya a ga ƙarshensa, a kuma rubuta. Abokan aikinsa suka juya masa baya, har ya bar babban asibitin Massachusetts a 1914. A ɗan asibitin da ya buɗe, ya wallafa sakamakon mutum 337, ya lissafa kurakurai 123 da hannunsa. Wa zai iya wannan a cikinmu?

Abin da muke gwadawa yanzu shi ne ma'aunin Clavien-Dindo na auna tsananin matsalolin da ke biyo bayan tiyata, wanda aka fitar a Zurich ta Switzerland a 2004. Matakai biyar ne, kuma abin da ya burge ni, ba ruwansa da ra'ayin likita, abin da aka yi wa mara lafiya yake dubawa. In ɗan zazzaɓi ne aka ba da maganinsa, mataki na ɗaya. In sai da aka ƙara jini ko aka sa maganin ƙwayoyin cuta, na biyu. In an sake yi masa aiki, na uku. Ɗakin kulawa ta musamman, na huɗu. Rasuwa, na biyar. Ba wanda zai ce "ai ƙaramin abu ne" bayan an koma da mutum ɗakin tiyata.

Ka tuna binciken da mujallar Lancet ta buga a 2018? Asibitoci 247 a ƙasashen Afirka 25, har da Najeriya, duk aka cike takarda iri ɗaya kan mutum 11,422. Majinyatanmu sun fi na sauran duniya ƙuruciya, matsalolinsu ba su kai nasu yawa ba, amma haɗarin rasuwarsu bayan aikin da aka shirya ya ninka. Galibin rasuwar ma ba ranar aiki ba ce, a kwanakin da suka biyo baya ne, a ɗakin kwanciya, inda nas ɗaya ke fama da gadaje barkatai. Da kowa nasa lissafin ya yi, da har yau hannun likita muke zargi.

Sai dai ina da fargaba ɗaya. Asibitin da ake kawo masa yaron da taifot ya huda wa hanji, bayan ya kwana biyu a gida, ba a jera shi da mai aikin ƙaba kawai. In aka ƙirga gawa zalla, likitoci za su fara gudun masu tsananin ciwo. Shi ya sa tsarin NSQIP na Amurka, mai tattara sakamakon ayyukan tiyata a asibitoci, yake la'akari da halin da mutum ya zo da shi, sannan ya bi shi kwana 30.

Wannan kwana 30 ɗin ne ke ba mu wuya. Mutum ya koma ƙauye, lambar da ya bari ta maƙwabci ce, ita ma a kashe. Yanzu lamba biyu muke karɓa, har da ta mai jinya.

Don Allah ka turo mini irin takardar da kuke cikewa a wurinku ta WhatsApp, in ga abin da zai yi mana. Ka gaida maiɗakinka da yara.

Naka har kullum,
Amininka