Wayar Hannu A Bukukuwan Aurenmu Na Makka

Zuwa ga Edita,

Assalamu alaikum. Ina roƙon a ba ni fili a wannan jarida domin in yi magana da 'yan'uwana Hausawa mazauna Saudiyya, musamman iyaye mata, game da yadda wayar hannu ta shiga hidimar aure a wajenmu.

Watanni kaɗan da suka wuce na aurar da 'yar ƙanwata a nan Makka, kuma ba zan ɓoye alherin da muka gani ba. Zauren WhatsApp guda ɗaya ya haɗa mu da dangi na Jidda da Madina da Kano, a nan aka raba nauyin kayan ɗaki da na gara, kowa ya san abin da ya ɗauka. Gudummawa ta banki ta shigo, kowane riyal da shaidarsa, babu zargi babu ƙananan maganganu. Rajistar ɗaurin aure ma yanzu ta dandalin Najiz na Ma'aikatar Shari'a ake yin ta, bayan gwajin jini da hukuma ta wajabta tun 2004 saboda cututtukan gado irin su sikila.

Sai dai akwai abin da waya ba za ta iya ɗauka ba. Mun tura wa kowa katin gayyata ta waya, har da wata goggon mahaifin amarya da ke unguwar Sharar Mansur a nan Makka, muka ɗauka mun sauke nauyi. Ranar biki ba ta zo ba, da aka tambaya ta ce ita ba a gayyace ta ba, kuma gaskiyarta ce, domin babba ana taka ƙafa ne a je gidansa, a durƙusa a gaishe shi, a faɗa masa da baki. Sai da muka je da goro da ban haƙuri kafin ta sauko.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne hoto. Kowa ya san al'adar wannan ƙasa, mata na ɓangarensu, maza na nasu, mace ta shiga istiraha, wato wurin da ake haya domin biki, ta cire abayarta cikin natsuwa saboda ta san babu namiji a wurin. A bukukuwan Larabawa da yawa akwai mace a bakin ƙofa wadda ke karɓar wayoyi ko ta rufe kyamarorinsu, amma mu sai muka ji kunyar yin haka, wai kada baƙi su ce an wulaƙanta su. Kafin gari ya waye bidiyon rawar mata ya hau TikTok da Snapchat, a cikinsa akwai matan aure babu mayafi, waɗanda ba a nemi izininsu ba, wasu ma ba su san an ɗauke su ba. Ɗaya daga cikinsu mijinta ya gani a wayar abokinsa, kuma ƙiris ya rage auren ya mutu. Yarinyar da ta ɗora ba da mugunta ta yi ba, murna take yi, amma abin da ya shiga intanet bakin alƙalami ya riga ya bushe, ko an goge shi wasu sun riga sun adana.

Ya kamata 'ya'yanmu su san cewa wannan laifi ne a hukumance. Dokar yaƙi da laifukan intanet ta 2007 ta tanadi ɗaurin da zai iya kai shekara 1, ko tarar da za ta iya kai riyal 500,000, ko duka biyun, ga wanda ya keta sirrin wani ta hanyar kyamarar waya. Ga wanda ke zaune da iƙama, wato takardar izinin zama, kuwa, shiga hannun hukuma ba ƙaramin tashin hankali ba ne ga gidansu baki ɗaya.

Shawarata ita ce a yanke wannan magana tun zaman farko na iyaye, a rubuta a jikin katin gayyata cewa ba a shiga ɓangaren mata da waya a buɗe, domin wanda aka sanar tun daga gida ba zai ji zafi a bakin ƙofa ba. A ɗauko mace ɗaya mai amana ta yi hoto, ta miƙa komai a hannun amarya. Dangin da ke Kano da ke son ganin ɗiyarsu kuwa, a kira su ta bidiyo daga ɗakin amarya, ba daga tsakiyar taro ba. Haka muka shirya yi a bikin ƙanwar amaryar tamu bayan aikin Hajji, idan Allah Ya kai mu.

Wassalam,
Wata uwa daga Makka, Saudiyya