Buɗaɗɗiyar Wasiƙa Ga Ɗalibin Da Ya Tambaye Ni Ko Tarayyar Turai Za Ta Watse

Assalamu alaikum wa rahmatullah.

Ɗana, ranar da muka yi lacca kan haɗin kan ƙasashe ka miƙe a gaban jama'a ka tambaye ni ko Tarayyar Turai ba ta kama hanyar watsewa ba, tun da Birtaniya ta fice, jam'iyyun masu ƙyamar baƙi kuma suna ta samun kujeru a majalisun nahiyar. Lokaci ya ƙure kafin in ba ka amsa mai gamsarwa, kuma da yake a bainar jama'a ka yi tambayar, ya dace amsar ma ta fito fili.

A ganina Tarayyar ba za ta watse nan kusa ba, kuma ficewar Birtaniyar da ka kafa hujja da ita tana cikin dalilaina. An kaɗa ƙuri'ar raba gardama ranar 23 ga Yunin 2016, masu son fita suka yi rinjaye da kusan kashi 52 cikin ɗari, amma sai ranar 31 ga Janairun 2020 aka samu rabuwa, bayan rigimar ta ci kujerar firaminista biyu, batun iyakar Ireland ta Arewa kuma ya hana kowa barci. Sauran ƙasashen sun ga gemun ɗan'uwansu ya kama wuta, suka shafa wa nasu ruwa. Marine Le Pen ta Faransa, wadda a 2017 take neman ƙasarta ta bar kuɗin yuro, daga baya ta ajiye wannan magana. Kasuwa ɗaya mai mutum kusan miliyan 450 ba abin da ake juya wa baya da garaje ba ne.

Abin da nake jiye wa Tarayyar shi ne ta cika da mambobi har ta kasa yanke shawara. Ƙasashe shida ne suka fara tafiyar a 1951, lokacin da Faransa da Jamus ta Yamma da maƙwabtansu huɗu suka haɗa harkar kwal da ƙarfe don kada yaƙi ya sake ɓarkewa tsakaninsu. Mutum shida suna iya zama kan tabarma ɗaya su daidaita kafin shayi ya huce. Yau mambobin 27 ne, amma har yanzu a kan manufofin waje da haraji da karɓar sabuwar ƙasa sai kowa ya amince, ƙasa ɗaya tak kuwa tana iya tsayar da komai. A watan Disambar 2023, sai da Viktor Orban, firaministan Hungary na lokacin, ya fita daga ɗakin taron shugabanni sannan sauran suka iya amincewa da fara tattaunawar shigar Yukren, kuma a taron nan dai ya toshe tallafin yuro biliyan 50 da za a ba Yukren, ba a warware ba sai a Fabrairun 2024. Babban ƙullin shi ne sauya wannan doka ma yana buƙatar amincewar kowa, har da wanda yake cin moriyarta.

Masu jira a ƙofa su ne suka fi ɗanɗana kuɗarsu. Masedoniya ta samu matsayin mai neman shiga tun 2005, ta sauya sunanta zuwa Masedoniya ta Arewa a 2019 don Girka ta janye adawarta, sai kuma Bulgariya ta tare hanya a 2020 kan gardamar harshe da tarihi. Wannan al'amari yana ci mini rai, domin al'ummar da ta sadaukar da sunanta ta cancanci a cika mata alkawari.

Akwai kuma ciwon da ya fi wannan daɗewa, wato yadda talaka yake ganin ana yanke hukunci a Brussels, hedkwatar Tarayyar, ba tare da an ji ta bakinsa ba. Faransawa da mutanen Holand sun ƙi kundin tsarin mulkin Turai a 2005, aka dawo da mafi yawan abin da ke cikinsa ta yarjejeniyar Lisbon. A Yulin 2015 Girkawa suka ƙi sharuɗɗan masu ba su bashi da ƙuri'arsu, mako guda bayan haka gwamnatinsu ta karɓi sharuɗɗa masu tsauri. Daga irin wannan rijiya 'yan siyasar da ka ambata suke ɗiban ruwa.

Batun baƙin haure ya shafe mu kai tsaye. Da mutum fiye da miliyan ɗaya suka isa Turai a 2015, mambobin suka kasa raba nauyin a tsakaninsu, sai suka turo shingen zuwa kudu har Agadas, inda dokar hana safarar baƙin haure ta waccan shekarar ta karya sana'ar direbobi da masu masauki da yawa, kafin hukumomin Nijar su soke ta a Nuwambar 2023.

Duk da haka ban yanke ƙauna ba, domin a 2020, lokacin annobar korona, ƙasashen sun yarda su ci bashin yuro biliyan 750 da sunan kowa, abin da Jamus ta daɗe tana ƙi. Idan kana son sanin inda aka dosa, ka sa ido kan shigar Yukren. Ƙasa ce mai faɗin gonaki wadda za ta sauya rabon tallafin noma, kuma tun a 2024 manoman Poland, ƙasar da ta buɗe wa 'yan gudun hijirarta ƙofa, suka tare iyaka saboda hatsinta. Ranar da maganar ta kai ga kaɗa ƙuri'a, ina so ka dawo mu sake zama a kanta.

Wassalam,
Malaminka.