Dogo, wannan "ring" ɗin naku ya kusa tona mini asiri

Assalamu alaikum.

Wata uku ke nan ko gaisuwa babu. Na san abin da za ka ce, sanyi da aikin dare. Na ji. Inna dai ta ce in tuna maka man zafin da ka yi mata alkawari tun kafin azumi.

Ka zauna da kyau ka sha labari. Malamar Turancinmu ta tafi hutun haihuwa, sai aka ɗora mini 'yan aji biyu. Ni da na karanta labarin ƙasa! Ranar Talata na rubuta ring a allo, na ce zobe, na juyo ina kakkaɓe alli kamar na gama aiki. Sai wata 'yar mitsitsiya a layin gaba, hijabinta har ƙasa, ta ɗaga hannu: "Malam, to wayar Babanmu da take ring, ina zobenta?" Ban rufe baki ba wani daga baya ya ce ai filin damben Turawa ma ring ne, kuma kusurwa huɗu gare shi. Aji ya kwashe da dariya. Allah ya rufa asiri aka kaɗa ƙararrawar tashi. Ita ma, don wulaƙanci, ring take yi.

Daren nan na zaro ƙamus ɗin da ka bar mini, mai yagaggen bangon nan. Ashe kalmomi biyu ne suka shiga riga ɗaya. A tsohon Turanci akwai hring, wato zobe ko da'ira, akwai kuma hringan, yin ƙara irin ta ƙarfe. Har yau ba su gama sajewa ba: ƙararrawa in ta kaɗa jiya sai a ce rang, amma in sojoji suka yi wa gari ƙawanya sai a ce ringed. Na damben ya fi burge ni. A da da'ira suke yi a ƙasa, 'yan kallo su kewaye, kamar dai fagen da muke satar zuwa bayan girbi. A 1838 dokokin Landan suka tsayar da fili mai kusurwa huɗu da igiyoyi, amma sunan ya ƙi tashi. Daga ma'anar da'irar nan abin ya yi ta haihuwa: titin da ya zagaye gari, gungun 'yan fasa-ƙwauri, zobba biyar na gasar Olamfik, har layukan cikin kututture da ake ƙirga shekarun bishiya da su. Wannan na ƙarshen kam fagena ne, ka ga yadda zan baje kolinsa.

Af, mashin ɗina ma ya shiga sahu. Hayaƙi yake kamar ana gasa tsire, bakanike ya kasa kunne ya ce sai an canja ringi. Ka ga har a gareji kalmar ba ta ƙyale ni ba. Kuma tun da muna maganar zobe, mutuniyarka an sa rana, bayan Sallah. Kada ka ce ban faɗa maka ba. Kai kuma can, in Baturiya ta ce za ta ba ka ring, waya take nufi, kada ka aiko a ɗinka maka babbar riga.

Washegari na koma da shirina. Na rubuta fari: launi, rashin ruwan sama, na idon 'yan mata, da ɗan fari. Na ce to, mu ma muna da irinsu. Yarinyar nan ta karkace kai ta ce, "Amma Malam, mu ai murya muke canjawa." Wallahi gaskiyarta. Sai da na kawo ci, na jero mata cin tuwo, cin bashi, cin jarrabawa, cin amana, cin kasuwa, sannan ta yi shiru tana rubutawa. Shirun nan nata ne yake ba ni tsoro, don mako mai zuwa bank za mu yi.

Akwai abin da na zauna musamman don in tambaye ka, ya shige mini. In na tuna zan kira. Ka gai da mutanen gidan naku, kuma don Allah man zafin Inna.

Naka,
Malam na dole