Malam Edita, a ba mu girkin da za mu iya yi da kayan kasuwarmu

Assalamu alaikum Malam Edita, da fatan kuna lafiya, ya aiki ya haƙuri da mu masu karatu. Ina rubuto muku ne daga nan Garwa a arewacin Kamaru akan maganar girki, don na lura duk sanda aka zo maganar abincin ƙasashen waje sai a jero mana kayan da ko a Yawunde sai mutum ya sha yawo kafin ya samu, balle mu da muke nan arewa, sai mace ta karanta ta ce to wannan na matan manya ne ta wuce abinta. Alhali akwai girkin waje da wallahi ya fi namu sauƙin kuɗi in an san yadda za a juya shi. Misali ɗaya zan kawo, wani abincin mutanen Japan da suke cewa oyakodon, shinkafa ce fara a kwano mai zurfi sai a zuba mata kaza da ƙwai da albasa da aka dafa tare cikin ɗan romo. Tsohon abinci ne a wajensu, ana danganta farkonsa da wani gidan abinci mai suna Tamahide a birnin Tokyo wajen shekarar 1891, kuma yanzu abincin kowa da kowa ne, ma'aikaci ya ci da rana uwa ta yi wa yara da dare.

Abin da ya sa nake ganin ya dace da mu shine babu mai a cikinsa ko ɗigo, babu tumatir babu jajjage babu suya, kuma kowa ya san yadda kuɗin man girki yake cin aljihu yanzu. Sannan cinyar kaza biyu kacal in aka cire ƙashi aka yanka ƙanana aka haɗa da ƙwai huɗu sai ta ishi mutum biyu har uku su ƙoshi, saboda ƙwan ne yake riƙe naman ya baza shi ko'ina a saman shinkafar, kowane cokali da ɗan abin taɓawa. Albasa kuwa ai mu ne gidanta, daga Marwa da nan wajenmu ake loda ta buhu buhu zuwa kudu.

Yadda ake yi, a samu ƙaramin kasko mai murfi, a zuba romo kamar rabin kofi ko ya ɗan fi, soya sos wato baƙin ruwan ɗanɗano da ake yi da waken soya cokali biyu na cin abinci, sukari cokali ɗaya, a yanka albasa ɗaya siri siri a zuba, in ta fara laushi a sa naman kazar a rage wuta har ya nuna. Sai a fasa ƙwai a kaɗa shi kaɗan kawai, kar a kaɗa kamar na mai shayi, ana so a riƙa ganin farin daban kwanduwar daban. A zuba mafi yawansa a zagaye a rufe, in ya fara kamawa a zuba sauran a sake rufewa ɗan lokaci, kuma dan Allah kar a juya, da an juya an ɓata shi ya koma dagargaza. Sai a zame shi gaba ɗaya da romonsa a kan shinkafa mai zafi. In gidan da yawa ne a yi kashi kashi, su kansu Japanawan ɗan kasko suke da shi na kwano ɗaya, in aka lafta komai a babbar tukunya ƙasan ya ƙone saman bai nuna ba.

To yanzu ga inda nake so masu rubuta mana girki su riƙa tsayawa su yi bayani. Na farko a asalin girkin akwai wani ruwa mai zaƙi da suke kira mirin, wasu ma har da wani abin shansu mai suna sake suke ƙarawa, to mirin na gaske giyar shinkafa ce, barasar da ke ciki tana kai kashi 14 cikin ɗari, sake kuma giya ce kai tsaye. Kun ga kenan in aka kwafo girkin yadda yake aka ba musulma ba tare da an gaya mata ba ai ba a kyauta mata ba. Aikin mirin ɗin zaƙi ne da ɗan sheƙi, don haka ƙarin sukari ko rabin cokalin zumar Ngaundere ya wadatar. Shi ma soya sos ɗin a duba jikin kwalbar a nemi mai tambarin halal, don wani akwai ɗan barasa da ke fitowa wajen tsima shi. In ba a samu ba gaba ɗaya Maggi na ruwa wato Arome da kusan kowane gida yake da shi zai tsaya, ɗanɗanon dai ba ɗaya ba ne gaskiya kuma a rage hannu don gishirinsa da ƙarfi.

Na biyu maganar ƙwai. Su a can suna barinsa ruwa ruwa bai gama nuna ba, har ɗanye ma suna ci a kan shinkafa, amma ƙwansu ana wanke shi a tantance shi a buga masa ranar da za a daina cinsa ɗanye. Namu fa? Yawancinsa daga kudu yake zuwa wajajen Bafusam, ya kwana a mota ya zo ya zauna a kan tebur a kasuwa cikin zafin Garwa da yake wuce digiri 40 a watan uku da na huɗu, ga wuta yau akwai gobe babu. Ni dai a ganina a bar shi ya nuna, ya yi laushi amma babu yauƙi, musamman in akwai mai ciki ko yara ƙanana ko tsofaffi a gidan, kar a je neman daɗi a ƙare a asibiti.

Romon nasu sunansa dashi, da ganyen teku busasshe da wani busasshen kifi da ake kankarewa ake yinsa. Mu ba mu da ganyen teku amma kifi banda na tafkin Lagdo ko na kogin Logone gashi nan, a wanke ɗan gutsure a tafasa minti kaɗan a tace, kar a bari ya daɗe don ƙauri zai rinjaye komai. In kuma kazar gida ce ai dole a fara tafasa ta don tauri gareta ba kamar ta gidan gona ba, to wannan ruwan tafasar shine romonki Hajiya, ba sai kin nemi wani ba.

Shinkafa ma da magana. Tasu gajera ce mai danƙo, ana dafa ta ba gishiri ba mai. Wadda aka turara mai warwarewa ɗaya ɗaya ba ta yi, romon zai zube ƙasan kwano ya bar ta tsirara. A nemi ta gida irin ta Yagwa ko Maga da kamfanin shinkafa na SEMRY suke nomawa tare da manoma, ko ƴar fasassa, a wanke a jiƙa rabin awa a dafa ta yi laushi kamar wadda za a tuƙa tuwo amma ba a tuƙa ba, a bar ta a rufe minti goma bayan an sauke.

Na san wasu mazan za su ce sukari a cikin nama kuma, wannan wane irin abu ne. To a rage shi, a barbaɗa yaji a sama, su ma Japanawan suna da nasu garin barkonon mai haɗi bakwai da suke barbaɗawa, a yanka lawashi a watsa a madadin ganyen da suke sawa. Roƙona dai Malam Edita, duk girkin waje da za ku buga a rubuta mana me za mu sa a madadin abin da babu a kasuwarmu, kuma a riƙa tunawa da mu na Kamaru da Chadi, kuɗinmu sefa ne ba naira ba kuma ba duk sunan kayan miya na Kano muke ganewa ba. Allah ya ƙara ɗaukaka jaridar, a gaida duk ma'aikata.

Taku mai karatu,
daga unguwar Yelwa, Garwa