Rahoton Ayyukan Ƙungiya na Shekara

Assalamu alaikum, 'yan uwa mambobi.

Tarukan wata-wata an yi su kamar yadda aka saba, kuma fuskokin da ke zuwa su ne dai su.

Abin alfaharinmu bana shi ne taron bita kan auna asarar ƙanƙarar Girinlan da Antaktika, yankunan ƙanƙara na can arewa da can kudancin duniya. Wanda ya halarta ya ga aiki. Mun sauko da bayanan GRACE, tagwayen taurarin ɗan'adam da NASA, hukumar sararin samaniyar Amurka, da takwararta ta Jamus suka harba a 2002, ɗaya na bin ɗaya da tazarar kusan kilomita 220. In na gaba ya tunkari wuri mai nauyi, ƙarfin janyowar ƙasa kan fizge shi kaɗan, tazarar ta sauya. Da wannan sauyin ake lissafa raguwa ko ƙaruwar nauyin ƙanƙarar da ke ƙasa, wata bayan wata. Matasanmu da kansu suka zana jadawalin, layin Girinlan ya yi ta gangarowa: asarar kusan tan biliyan 270 a shekara, Antaktika kuwa kusan biliyan 150. Da aka iso 2019, shekarar da Girinlan ta zubar da fiye da tan biliyan 500, wasu sun nemi a sake lissafin, aka sake, haka ya fito. Tambayoyi suka yi ta zuwa har lokacin tashi ya wuce, musamman kan yadda ake cire tasirin dutsen ƙarƙashi da ke ta ɗagowa tun bayan zamanin ƙanƙara. Allah Ya saka wa waɗanda suka kwana suna shirya kwamfutoci.

Ɗan littafin bayani da muka yi alkawari bai fito ba. Masu cewa kwamiti ya yi sakaci su sani, rubutu ya yi nisa. Babin da ya rage shi ne na giɓin watanni tsakanin ƙarewar GRACE a 2017 da harba magajinsa GRACE-FO a 2018, kuma ba za mu rubuta shi da gaggawa ba. Ko da an gama, da me za a buga? Akasarin mambobi ba su biya kuɗin shekara ba. Na kira, na aika saƙo, wasu ko amsa ba sa yi, amma su ne kan gaba wajen neman shaidar halarta. Wallahi abin yana ci mini rai.

Duk mai bashi ya kawo wa ma'aji kafin zaman wata mai zuwa. A ranar za a raba aikin babin da ya rage.

Sakataren Ƙungiya