Takardar Koke Kan Hayaƙin Taba da Yaranmu Masu Ciwon Asma Ke Shaƙa

Zuwa ga Mai Girma Hakimi,
Ta hannun Mai Unguwa.

Ranka ya daɗe, bayan gaisuwa da fatan alheri, mu iyayen yara masu ciwon asma, wanda manyanmu ke kira fuka, muke kawo kukanmu gabanka. Hunturu ya shigo, ƙura ta cika gari, kuma a wannan lokacin ne ƙirjin yaranmu ke fi kamawa. Ƙurar Allah ba mu da yadda za mu yi da ita. Hayaƙin taba kuwa mutane ne ke busa shi a kan yaran, kuma ana iya hana shi.

Kowa a unguwar nan ya san teburin mai shayi da ke bakin makarantar allo. Bayan la'asar matasa na zama a wurin suna zuƙar sigari, wasu har da shisha, hayaƙin na bin iska yana shiga zauren da almajirai ke karatu. Akwai yarinya ɗaya cikin 'ya'yanmu da ke dawowa gida tana numfashi da ƙyar, ƙirjinta na kuka kamar ana hura usur, sai uwarta ta danna mata maganin shaƙa sau biyu kafin ta iya cin tuwo. Sau da dama maganin ba ya isa, sai a kwana a asibiti. Haka ake fama a cikin adaidaita sahu, direba na tuƙi da kara a baki, yaro na zaune a bayansa.

Abin da ya fi tayar mana da hankali shi ne ɓarnar da ido ba ya gani. Hayaƙin taba na ɗauke da sinadarai sama da 7,000, kusan 70 daga cikinsu an tabbatar suna haddasa ciwon daji. Wasunsu na shiga jini su manne wa DNA, wato bayanan halitta da ke cikin kowace ƙwayar jiki, su lalata shi. Jiki kan gyara irin wannan ɓarnar, amma idan kullum ana maimaita ta, gyaran kan gaza. Yaro yana numfashi da sauri fiye da babba, saboda haka yana shaƙar hayaƙi mai yawa gwargwadon jikinsa, ga shi huhunsa bai gama girma ba. Mai asma kuma hanyoyin iskarsa dama a kumbure suke. Hukumar Lafiya ta Duniya ta ce babu wani ma'auni na hayaƙin da ake iya cewa ba shi da illa, kuma fiye da mutum miliyan 1 da ba sa shan taba ke mutuwa duk shekara saboda hayaƙin wasu. Ko uba ya fita ƙofar gida ya sha, warin na manne wa rigarsa, ya dawo ya ɗauki ɗansa.

Ba sabuwar doka muke nema ba, ranka ya daɗe. Tun 2015 Najeriya ta kafa Dokar Taƙaita Shan Taba, wadda ta hana sha a makarantu da asibitoci da motocin haya, ta hana sayar wa wanda bai kai shekara 18 ba, ta kuma hana sayar da sigari kara-kara. A unguwarmu kuwa har yau ana aiken yaro ɗan shekara bakwai ya sayo kara biyu, wani lokacin ma a ce ya kunno ta a hanya.

Muna roƙon ka kira masu unguwanni da masu shago da shugabannin 'yan adaidaita, ka ja musu kunne. A matsar da majalisar masu shan taba nesa da makarantu da ƙofar gidajen da ke da yara. A daina sayar wa yara sigari ko da sun ce babansu ne ya aiko su. Muna kuma fatan limamai su yi magana a huɗubar Juma'a, domin maganar da ta fito daga mumbari ta fi shiga kunnen magidanta fiye da tamu. Mun riga mun yi wa masu shan magana cikin mutunci, wasu sun ji, wasu sun ce ai titi na kowa ne. Shi ya sa muka zo gare ka.

Allah ya ja zamanin Hakimi, ya ƙara lafiya da nisan kwana.

Mu ne talakawanka,
Iyayen yara masu ciwon asma na wannan unguwa.